Tambayoyi da Amsoshi: Yawon Buɗe Ido a Cape Town da Gaɓar Tekun da Ke Kewaye da Ita

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirin zuwa ƙuryar kudancin Afirka ta Kudu suka fi yi, musamman masu son ganin dutse da teku da gandun daji, ba kantuna kaɗai ba. Abu guda zai yi ta fitowa a amsoshin: a wannan yanki iska ce mai gari. Kai naka tsari ne, ita ke da ta cewa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Ya danganta da abin da ya kai ka. Yankin yana kudu da tsakiyar duniya, don haka zafinsu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, sanyi kuma daga Yuni zuwa Agusta, kuma a cikin sanyin ne ruwan sama ke zuba. A Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare, a Yuni kuwa kafin ƙarfe 6 ta tafi.

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu makarantun ƙasar na hutu, mutanen cikin ƙasa kan yi tururuwa zuwa bakin teku, masauki ya yi tsada, layi ya yi tsawo ko'ina. Wanda ba dole ta sa shi ba, gara ya kauce. A ganina Maris da Afrilu sun fi daɗi: zafi ya sauka, iska ta lafa, cunkoso ya ragu. Mai son furanni da manyan dabbobin teku kuma, Satumba ce tasa.

Wai wace irin iska ce ake ta magana a kanta?

Iska ce mai kaɗawa daga kudu maso gabas, ta fi ƙarfi daga Oktoba ko Nuwamba har zuwa Fabrairu. Mutanen garin suna kiranta Likitan Cape, wai don tana share hayaƙi da ƙazantar sama. Idan ta taso da gaske, ƙofar mota sai an riƙe ta da hannu biyu, yashi kuma ya riƙa dukan ƙafa har ya yi zafi.

Ita ce ke kwaso danshi daga teku ta haura da shi bayan Dutsen Tebur, babban dutsen da garin ke gindinsa. Da ya hau sama ya yi sanyi, sai ya zama farin gajimare ya kwanta a kan dutsen, ya riƙa malalowa ta gefen da ke kallon gari, ya ɓace kafin ya iso ƙasa. Daga ƙasa abin kallo ne. Ga wanda ke sama kuwa hazo ne da sanyi, ba ya ganin ko taku goma a gabansa.

Saboda haka kada ka ɗaure kanka da jadawali. Ka rubuta wuraren da kake son zuwa, amma ka bar safiya ta raba musu rana. Ranar da ka buɗe taga ka ga kan dutse tas, babu gajimare, ganye ba ya motsi, to ka ajiye duk abin da ka shirya ka nufi dutse. Gobe ba ta da tabbas.

Dutsen Tebur: a hau da ƙafa ko a shiga motar igiya?

Dutsen, wanda za ka ga an rubuta Table Mountain a allunan hanya, tsayinsa ya haura mita 1,080. Motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ta fara aiki a 1929. Waɗanda ake shiga yanzu an kawo su a 1997, kowace tana ɗaukar mutum 65, kuma daɓenta yana juyawa a hankali yadda kowa zai ga ko'ina, ba sai an yi rububin taga ba. Cikin kamar minti biyar ka isa sama. Akan rufe ta idan iska ta yi yawa, akan kuma rufe ta don gyara a lokacin sanyi, don haka ka duba kafin ka bar masauki.

Hanyar ƙafa da aka fi bi ita ce kwazazzabon Platteklip. Ba ta da ruɗani, amma matakala ce ta duwatsu tun daga ƙasa har sama, awa biyu zuwa uku ga mai matsakaicin ƙarfi, kuma inuwa kaɗan ce. Ta nan ne António de Saldanha, ɗan ƙasar Fotugal, ya hau a 1503. A fara da sassafe, a riƙe ruwa da yawa da rigar sanyi, ko da gumi ake yi a ƙasa.

Ga kuskuren da ke jefa mutane cikin wahala: su hau da ƙafa har ƙarfinsu ya ƙare, da niyyar saukowa a mota, sai su tarar iska ta sa an rufe. Duk mai hawa ya tanadi ƙarfi da lokacin da zai sauko da ƙafarsa. Idan kana sama ka ji an busa jiniya, alama ce za a rufe, ka nufi tasha.

A saman akwai hanyoyi shimfiɗaɗɗu, kuma za ka ga rema kwance a kan duwatsu suna shan rana, ko a jikinsu. Wanda bai kai ga wannan dutsen ba, akwai Lion's Head, mita 669, hawansa ya fi gajarta, sai dai kusa da ƙololuwa akwai inda ake kama sarƙa da tsani.

Zuwa tsibirin Robben ya cancanci rabin yini?

Ya cancanta. Jirgin ruwa yana tashi daga tashar V&A Waterfront, tafiya da zagaye da dawowa kan cinye kusan awa huɗu. A sayi tikiti tun da wuri, a kuma sa shi a farkon kwanakin ziyara, domin idan teku ta yi fushi soke jirgin ake yi, kana buƙatar wata ranar da za ka koma.

Nelson Mandela ya yi shekara 18 a nan, daga 1964 zuwa 1982, cikin shekara 27 da ya yi a ɗaure. Lambarsa 466/64. Ɗakinsa ba ya ɗaukar lokaci wurin kallo, don babu abin da ke ciki: tabarma da bargo a ƙasa, ɗan teburi, bokiti. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne sau da yawa wanda ke zagayawa da kai cikin kurkukun tsohon fursunan siyasa ne, ya nuna maka inda shi da kansa ya kwana.

Mota za ta bi da ku ta ramin farar ƙasa inda fursunoni suka yi shekaru suna fasa dutse, hasken wurin ya lalata wa da yawansu ido. A bakin ramin akwai ɗan tulin duwatsu. A 1995, da tsofaffin fursunoni suka koma tare, Mandela ya ɗauki dutse ɗaya ya ajiye, sauran suka bi sahu. Za ku kuma wuce gidan da aka killace Robert Sobukwe, wani jagoran masu yaƙi da wariyar launin fata, shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969. Kafin zamanin wariyar launin fata, tsibirin ya kasance wurin da ake kai kutare da waɗanda Turawan Holan suka koro daga ƙasashensu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Ana iya wanka a tekun?

Ana iya, amma ka san wane gefe kake. Garin yana kan wani dogon hancin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku. Gefen yamma, inda Clifton da Camps Bay suke, yashinsa fari ne, kyan gani ba a magana, ruwan kuwa ƙanƙara. Abin mamaki, a tsakiyar zafi ya fi sanyi. Dalili kuwa iskar nan ce dai: tana ture ruwan sama-sama zuwa cikin teku, sai na can ƙasa mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Yakan sauka har wajen digiri 10 zuwa 14. Shi ya sa za ka ga bakin ruwa cike da mutane, cikin ruwan kuma 'yan tsiraru.

Gefen gabas, wato False Bay, ya fi ɗumi da 'yan digiri. Muizenberg, mai jerin ƙananan ɗakunan katako masu launi-launi, can ake koyon hawa igiyar ruwa a kan allo. Mai yara ƙanana ya nemi tafkunan da aka gina da katanga a bakin teku, irin na St James: ruwan teku ne ke cika su, amma babu igiyar da za ta ja yaro.

Ko'ina ne, a yi wanka tsakanin tutocin nan masu launin ja da ruwan ɗorawa, inda masu ceto ke sa ido. Abin da ya fi cin rayuka a bakin teku shi ne ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Wuri ne da kan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, igiya ba ta fashewa a cikinsa, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye. Ya yi iyo ta gefe, ko ya bar jikinsa ya taso a kan ruwa ya ɗaga hannu.

To kifin shak, babban kifin nan da kan kai wa mutum hari fa?

Akwai shi. Tun 2004 akwai masu gadi da ke zama a kan dutse a saman wasu wuraren wanka na False Bay suna leƙen ruwa, suna sanar da jama'a da tuta. Kore: ruwa garau, ba a ga komai ba. Baƙa: ruwa ya gurɓace, mai gadi ba ya gani sosai. Ja: a yi hattara. Fara tare da jiniya: an gan shi, kowa ya fito.

Da gaske akwai tsuntsayen fengwin a Afirka?

Akwai su, tsuntsayen ruwa ne da ba sa tashi sama, a Boulders, kusa da Simon's Town. Sun fara zama a wurin a farkon shekarun 1980, a tsakiyar unguwar da mutane ke zaune, har yau kuma akwai allunan da ke cewa ka leƙa ƙarƙashin motarka kafin ka tayar. An yi gadojin katako da ake bi a kalle su daga kusa. Kukansu sak na jaki. A tudu tafiyarsu abin dariya ce, sai sun faɗa ruwa za ka san gwanaye ne. A wasu watanni za ka ga waɗansu a tsaye, gashi duk ya yamutse, kamar marasa lafiya. Sauya gashi suke yi, kuma kusan mako uku ba sa shiga ruwa, ba sa cin komai. Kada a taɓa su, bakinsu yana yanka.

Ka gan su da yawa a wuri guda, amma ƙarewa suke yi. A 2024 aka sa su cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa. A da ƙwansu aka riƙa kwashewa, aka kuma kankare kashin tsuntsaye da suke haƙa gida a cikinsa don yin taki. Yanzu yunwa ce, ƙananan kifayen da suke ci sun yi ƙaranci. Idan Boulders ya cika, akwai wani mazauninsu a Stony Point, a Betty's Bay, inda mutane ba su kai haka yawa ba.

Cape Point ne ƙarshen Afirka, inda tekuna biyu suka haɗu?

A'a, ko da yake da yawa sun dawo gida da wannan labari. Ƙarshen nahiyar ta kudu shi ne Cape Agulhas, tafiyar kamar awa uku a mota daga gari, kuma can ne aka ja iyakar Tekun Atlantika da Tekun Indiya. Sai dai Agulhas fili ne da duwatsu warwatse da hasumiyar fitila ta 1849. Idan don kallo ne, Cape Point, can ƙarshen hancin ƙasar da garin ke kai, ya fi shi nesa ba kusa ba: dutse ne da ya tsaya tsaye a kan ruwa, igiya na dukan gindinsa can ƙasa.

Hasumiyar fitilar da kowa ke hawa ya ɗauki hoto tsohuwa ce, ta daina aiki. An gina ta can ƙololuwa don a hango ta daga nesa, ashe gajimare zai riƙa rufe ta a daidai lokacin da matuƙa suka fi buƙatarta. Bayan wani jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse ya nutse a 1911, sai aka gina wata a ƙasa-ƙasa. Ana hawa zuwa tsohuwar da ƙafa ko da ɗan jirgin da ke hawa tudun.

Filin da ke kewaye yana cikin gandun Dutsen Tebur, ana ganin jimina tana kiwo dab da bakin teku. A hanyar zuwa ko dawowa a biyo ta Chapman's Peak, tsakanin Hout Bay da Noordhoek: kilomita 9, lanƙwasa 114, an sassaƙa ta a jikin dutse, aka buɗe a 1922. Ana biyan kuɗin hanya, akan kuma rufe ta idan ana tsoron gangarowar duwatsu.

An ce birai na ƙwace kaya?

Gwaggon birin yankin ya san mutane sarai. Ya san leda, ya san jakar baya, ya iya murɗa hannun ƙofar mota. Mutum zai fito ɗaukar hoto ya bar mota a buɗe, ya waiwayo ya ga babban namiji zaune a kujerar baya yana zazzage jaka, yana shinshina abu ɗaya-ɗaya yana jefarwa. Idan haka ta faru a ja da baya a bar masa, kada a yi ja-in-ja da shi. A kulle ƙofa, ba rufewa kawai ba, kada kuma a ci abinci a gabansu. Ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma birin da ya saba da hannun mutane yakan zama mai faɗa har a kai ga kashe shi.

Me za a gani a cikin gari ba tare da kashe kuɗi ba?

Lambun Company's Garden yana tsakiyar gari. Asalinsa gonar kayan lambu ce da kamfanin Holan ya kafa a 1652 don jiragen da ke wucewa zuwa gabas. Yanzu inuwa ce da kujeru da kurege masu zuwa har ƙafar mutum. Da yamma kuma a nufi Sea Point, inda aka yi doguwar hanyar ƙafa a bakin ruwa, tsofaffi da masu gudu da masu tura keken jarirai duk a haɗe. Filin shaƙatawa na Green Point, gefen filin ƙwallon da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010, ya dace da yara.

Idan ka ji ƙarar igwa da ƙarfe 12 na rana, kada ka firgita. Daga tudun Signal Hill ake harba ta kullum, ban da Lahadi da ranakun hutu, al'ada ce da ta faro tun 1806.

Gidan tarihi na District Six ana biya, amma ya kamata a shiga. Unguwa ce da gwamnati ta ayyana ta fararen fata a 1966, aka kwashe mutum sama da 60,000, aka rushe gidajensu.

Musulmi zai sha wahalar masallaci da abinci?

Ko kaɗan. Musulunci ya haura shekara 300 a garin, ya zo ne tare da bayi da malamai da 'ya'yan sarauta da Holan ta kwaso daga tsibiran Indonisiya da gaɓar Indiya. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694, hubbarensa yana wajen gari, a wurin da ake kira Macassar. Tuan Guru, ɗan sarautar Tidore, an tsare shi a tsibirin Robben daga 1780, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan sakinsa ya zama limamin Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Yana nan a titin Dorp, a unguwar Bo-Kaap, ana salla a cikinsa.

Bo-Kaap ita ce unguwar nan mai gidaje launi-launi da ake gani a hotuna. A tuna gidajen mutane ne, ba a hau dakalin wani ko a ɗauki hoton 'ya'yansa ba tare da sallama da izini ba. Abincin halal yana ko'ina a gari, akan liƙa shaidar a ƙofa. Da an yi nisa zuwa ƙananan garuruwa sai ya yi wuya, a riƙe guzuri. Wanda ƙarshen azumi ya riske shi a can, ya je Three Anchor Bay da magariba, inda jama'a ke taruwa a bakin teku don duban wata.

Ni ba ma'abocin furanni ba ne. In je Kirstenbosch?

Je ka. An kafa lambun a 1913 a gindin dutsen ta gabas, kuma tsirran ƙasar kaɗai aka fi mayar da hankali a kansu. Wannan ɗan yanki na Cape yana da nau'in tsiro kusan 9,000, kashi biyu cikin uku ba sa fitowa a ko'ina a duniya sai nan. Akwai gadar katako da ƙarfe mai tsawon mita 130 da ke ratsa saman bishiyoyi, an buɗe ta a 2014. Wani amfaninsa kuma, ranar da iska ta hana hawa dutse da shiga jirgi, nan yana buɗe.

Ciyayin dutsen da wuta suka saba, wasu irin ma ba sa tsirowa sai hayaƙi ya taɓa su. Amma wuta da iska idan suka haɗu a bakin gari, masifa ce. A Afrilun 2021 gobara ta gangaro daga dutse ta cinye wani sashe na ɗakin karatu na Jami'ar Cape Town, da tarin littattafai da takardu kan tarihin Afirka. Guntun taba ba abin jefarwa ba ne a nan.

Ina ake ganin wel, kuma yaushe?

Wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayar da 'ya'yanta, tana zuwa daga ruwan kudu mai sanyi don haihuwa, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba. Garin Hermanus, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, shi ya yi suna, don ba sai an shiga jirgi ba. Akwai hanyar ƙafa a bakin dutse, daga nan ake ganin uwa da ɗanta suna juyi a ƙasa, har a ji hucinsu. Garin yana da mai shela da ke busa ƙahon da aka yi da busasshiyar ciyawar teku idan an hango su. Haƙuri ake yi, wani lokaci rabin awa ba abin da ke motsi.

A daidai wannan lokaci, arewa da Cape Town, sashen Postberg na gandun West Coast yana buɗewa, Agusta da Satumba kaɗai, saboda furannin daji da ke rufe ƙasa. Furannin rana suke bi. Ranar hadari ba sa buɗewa, da sassafe ma haka, sai hantsi ya ɗaga. A juya wa rana baya idan ana son ganin fuskarsu.

Kwana nawa hanyar Garden Route ke buƙata?

Hanya ce da ke bin gaɓar tekun kudu, gabas da Cape Town. Uku aƙalla, huɗu ya fi. Daga Cape Town zuwa Mossel Bay, inda take farawa, kusan kilomita 400 ne a kan babbar hanyar N2. Nan ne Bartolomeu Dias, matuƙin jirgi ɗan Fotugal, ya sauka a 1488. Daga nan sai Wilderness da tafkunanta, Knysna da duwatsu biyun da ke gadin mashigar ruwanta, Plettenberg Bay, har Tsitsikamma, inda daji mai duhu ya gangaro bakin teku. A bakin kogin Storms akwai gada mai lilo, mita 77, tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Masu ƙarfin zuciya suna dirowa da igiya daga gadar Bloukrans, mita 216. Kallon masu dirowar ma ya ishi yawancin mutane. Ruwan wannan gefen ya fi na Cape Town ɗumi, ruwan sama kuma ba shi da wata, kowane lokaci yana iya sauka.

Yaya batun tsaro da abin hawa?

Ana fashi a wasu hanyoyin dutse, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kada a hau shi kaɗai, a bi hanyar da mutane ke bi, a sauko kafin duhu. Kada a bar komai a fili a cikin mota, ko da rigar sanyi ce. Da dare a kira mota ta waya maimakon takawa. Lambar gaggawa daga wayar hannu 112 ce.

A cikin gari akwai bas ɗin MyCiTi da jajayen bas masu bene na masu yawon buɗe ido, suna kaiwa gindin dutse da Kirstenbosch da Camps Bay. Cape Point da Hermanus da Garden Route kuwa sai da motar haya ko ta masu kai baƙi. A hannun hagu ake tuƙi. A ƙofofin gandun daji baƙo daga waje yana biyan fiye da ɗan ƙasa, kuma wasu ƙofofin ba sa karɓar tsabar rand, sai katin banki.